Na Baya Ya Fi Shan Mai

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama? Ki gaya mata ta daina hawa bene don shanya, ba ita kaɗai ce mai hannu a gidan ba.

Abin da kika ji gaskiya ne, ranar ashirin ga wata za a maƙala min lambar yabo ta jarumta. Na ga har kin fara lissafin motocin da za su kwashi dangi. Yaya, don Allah ki sassauta. Na san halinki, ranar da na zo na ɗaya a aji uku kin zaga unguwa da takardar sakamakona har ta yage. Wannan karon kada ki gaya wa kowa tukuna.

An rubuta cewa na tsaya da jirgina a kan sojojinmu arba'in da ɗaya da aka yi wa ƙawanya a bakin gada, ana harbina daga ƙasa, ban juya ba sai da na buɗe musu hanya. Babu ƙarya a ciki. Sai dai mu biyu muka tashi. Kin tuna Sannu-sannu, abokin tashina, wanda ya yi awa guda a falonki a kan kofin shayi ɗaya, har kika tambaye shi ko jira yake shayin ya haihu? Shi ne a jirgi na biyu, kuma bai dawo ba. Mansa ya ƙare saura ƙiris ya kai titin sauka. Ya tsaya kawar da jirgin daga kan gidajen ma'aikata, bai samu damar fita da laima ba. Kwamitin bincike ya ce sakacinsa ne, wai bai lura da allurar mai ba.

Tela ya kawo sabon kaki, yana nan rataye a bayan ƙofa cikin ledarsa. Ban gwada ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Kin ce wasiƙata ba ta yi kama da ta mai murna ba. Dama can ban taɓa iya ɓoye miki komai ba, ranar wanka kuwa ba a ɓoye cibi.

Bari in gaya miki yadda aikinmu yake. Biyu-biyu muke tashi. Na gaba shi ne jagora, na baya aikinsa ya manne da fiffiken jagora, kada ya rabu da shi ko sama za ta faɗo. Saboda yana ta ƙara wuta yana ragewa don ya tsaya daidai, kullum na baya ya fi shan mai. Duk wanda allurarsa ta fara kai layin komawa zai faɗa a rediyo, jagora kuma dole ya juya da su gida. Ni da bakina na koyar da ɗalibai wannan, har ina buga tebur.

Yaya, Sannu-sannu ya faɗa. Ya faɗa da muryar nan tasa mai sanyi, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. A lokacin kuma sojojin ƙasa suna ta ihu a kunnena. Na kalli allurata, tawa ni kaɗai, na ga da saura, na ce mu ƙara zagaye ɗaya. Ya ce to. Wannan zagayen ne ya fitar da mutum arba'in da ɗaya, shi ne kuma ya cinye man da zai kai shi gida. Na'urar da ke ɗaukar maganarmu ta jirginsa ta ƙone, tawa harsashi ya lalata. Da kwamiti ya tambaye ni ko ya yi kiran mai, na ce ban tuna ba. Na tuna sarai.

Shekaranjiya na ga matarsa a barandar ofishin kwamanda, da kwafin rahoton a hannu, duk ya yamutse. Ba kuka take ba. Tana gaya wa magatakarda cewa mutumin da sai ya duba tukunyar gas sau biyu kafin ya fita daga gida ba zai manta da man jirgi ba. Da ta gan ni ta miƙe ta taya ni murna. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Idan na yi magana, lambar ta tafi, wataƙila har da tuƙin da na yi shekara goma sha huɗu ina yi. Idan na yi shiru, 'yarsa za ta girma tana jin cewa ubanta sakarai ne. Ina jin tsoro, Yaya. Ban ji irinsa ba ko a kan gadar. Ki saka ni a addu'a, kada Mama ta ji tukuna.

Naki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Na gode da layi biyun da kika aiko. Kin ce gara ki yi alfahari da ƙani mai gaskiya da ki goge ƙarfe a bango. Washegari na shiga wurin kwamanda.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce zagayen da na ƙara, shi ma da wataƙila ya ƙara, amma "ban tuna ba" ɗin nan ba shi da abin da zai wanke shi. An sake zaman kwamiti, an gyara rahoton. An dakatar da ni daga tashi. Yanzu ina wani ƙaramin ofis kusa da rumfar jirage ina cike jadawalin tashin wasu, gilashin taga yana karkarwa duk lokacin da suka wuce.

An yi faretin ranar ashirin ɗin. Sunan Sannu-sannu aka kira. Matarsa ta fito ta karɓi lambar a ƙaramin akwati, aka busa ƙaho, jirage uku suka wuce a jere da gurbin na huɗu a buɗe. Ina layin baya cikin tsohon kakina.

Da aka watse na tare ta a bakin ƙofa, na gaya mata komai da bakina, na roƙe ta gafara. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga laifinta ba. Ta ce ta gode da na mayar wa 'yarta sunan ubanta. Har ta juya, sai ta tsaya ta ce ta taɓa tambayarsa ko ba ya jin tsoro a can sama. Ya yi dariya ya ce mata tsoron me, ai Auta ne a gaba.

Ki gaya wa Mama yanzu. Ina nan tafe ƙarshen wata, a mota.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta