Zoɓon Hafsat a hannun ɗan Sani

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigida da yara, ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, Sani ɗan Baffa ya ci amanata. A makarantar da yake koyarwa aka ce su Hafsat tawa su kawo aikin kimiyya. A madafata ta gano ruwan zoɓo yana tona asirin tsami: in ta matsa lemun tsami sai ya ƙara ja, in ta jefa kanwa sai ya koma kore. Sati biyu tana gwaji, har ta ƙarar min da kanwa. Ni da bakina na ce ta kai wa kawunta Sani ya duba, tunda na gida ne.

Ranar gasa a Katsina, ɗansa ne ya tsaya da kwalaben zoɓonta, da rubutun hannunta a jikinsu. Ita tana gida.

Da na tare Sani, wai, "Ai duk ɗaya ne, Larai." Baffa kuma ya ce in bar maganar saboda zumunci.

Jiya na dafa zoɓo, yarinyar nan ta ƙi sha.

Ki taya ni da addu'a, zuciyata ba ta huce ba. Ki gaida mutan gidan.

Ƙanwarki,
Larai, Daura