Akwatin da Ke Shafi na Arba'in

Akwatin ya rufu, 'yata! Ya rufu ruf, ba ƙusa ko ɗaya.

Ki gafarce ni, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Ina maigidan, ina yara? Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Kin san littafi na biyar na mahaifinki, wanda ya rubuta bayan ciwo ya kama masa hannun dama. Shekara goma sha ɗaya kafintocin layinmu suna cewa Malam ya ruɗe, akwatin shafi na arba'in ba ya haɗuwa. Ni ma na ɓata katako bakwai a kansa. Masu buga littafin har sun aiko cewa za su cire shafin. Ban gaya miki ba, kunya ta hana ni. Mutumin da ya ɗora hannuna kan zarto, wanda saboda in karanta littattafansa na shiga makarantar yamma da furfurata, a ce na kasa wanke sunansa.

Shekaranjiya jikata tela ta zo shago, wadda nake tsokana da Bahaguwa. Ta tarar da ni ina hararar shafin, ta ce in matsa, tsoho ya cika wuri. Na ce almakashi daban, zarto daban. Ta ɗauki fensir da hagunta, ta fara awo daga gefen hagu. Har na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna. Da hagu Malam ya zana shafin nan. Mu kuwa duk daga dama muke farawa, yadda shi da kansa ya koya mana, shi ya sa haƙoran katakon suke saɓawa.

Na yanka a kan layinta. Haƙoran suka shige juna kamar yatsu. Na zauna kan benci na yi kuka, ita tana dariya wai ango ya ji kunya.

Na rubuta wa masu bugawa da hannuna cewa shafin yana nan, layi ɗaya kawai za a ƙara: a fara daga hagu. Allah ya jiƙan Malam, ya saka masa.

Naki, Baffa kafinta.

Akwatin na kan teburin Malam. Ki zo da yara da maigidan da duk wanda kuka gamu da shi a hanya, kowa ya buɗe ya rufe da hannunsa. Masu cewa ya ruɗe, su na fara gayyata.