Ƙauyenmu Bai Shiga Aljihu Ba

Bodinga, daren Talata, bazarar 1984

Na kasa cin tuwo. Kawu Mamman ya iso yau daga ƙauyenmu na bayan Mandera, a ƙasa, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce motar hatsin agaji ta sauke a Shagari da Mandera, su kuwa ta wuce su. Da suka tare direban, sai ya zaro kati daga aljihu ya duba, ya ce babu su a ciki.

Katin nan ni na tsara shi. A ofishin agaji inda nake aiki aka ce in rage babbar taswira ta shiga aljihun direba, ni kuma na yanke alama uku sun isa: layi hanyar mota, ɗigo gari mai kasuwa, da'ira rijiya. Mu ba mu da kasuwa, rijiyarmu kuma ta ƙafe. Ina cikin zanen na ga mun fita, na ce ai kowa ya san mu. Har daɗi na ji da aka yaba tsabtar aikin. Direba baƙo ina zai san mu?

Gobe zan ƙara alama ta huɗu don ƙauyuka irin namu, amma mota ta riga ta juya.

Da Kawu zai kwanta ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kai da kaka aiki wurinsu, bincika muna ko wa yab bar mu waje."

Na ce to, Kawu. Ga shi can a kan tabarmata, har yanzu albarka yake sa mini.