Hannun da Ban Ɗaga Ba

Ya ke sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, tauraruwar da ta fi wata sanin hanya!

Yau kwana goma sha tara da tafiyarki gidan 'yarmu. Ni da kujerarki muke zaman kallon juna, ita ma ta ɗaure mini fuska.

Kin tuna ranar da katafila ta zo rushe layinmu? Mu mazan ƙungiyar masu haya muna bayan shago, wai muna tsara dabara. Ke kuwa kika shimfiɗa tabarma a gaban ƙarfen nan, kika zauna kina ɗinke maɓallin rigata, har direba ya gaji ya kashe inji. Wayyo, kyanki a ranar, kamar hadarin farkon damina! Washegari hotonmu aka buga a jarida, mu maza, kowa ya turo ƙirji.

Shekara goma sha ɗaya ke ce mai bin gida-gida, ke ce mai rubuta koke, mu ne masu karantawa a lasifika. Ladanki? Aka naɗa ki shugabar mata: jera kujeru da raba ruwa.

Da kika fito takarar shugabancin ƙungiya, sakatare ya dafa ni yana dariya, ya ce, "Dattijo, a gida a juya ka, nan ma a juya ka?" Aka ce masu sonki su ɗaga hannu. Kika waiwayo kika dube ni. Hannun nan da bai ji tsoron kulki ba, ranar ya yi mini nauyin turmi. Da ƙuri'a ɗaya aka kayar da ke, hasken raina. Tawa ce.

Ashe inuwar giginya nake, na nesa ke shan sanyina! Wane irin mai neman adalci ne wannan, da ya nemo wa unguwa ya hana matarsa?

Yanzu shugaban da aka zaɓa ya yi murabus, za a sake zaɓe ranar Asabar. Na miƙe a gaban taro na faɗi abin da na yi, har da dalilin. Sun yi dariya, ban mutu ba. Ga takardar takara nan cikin ambulan, na sa hannu a layin mai goyon baya. Layin sama naki ne.

Ki cike ta ko da ba za ki dawo gida ba. In kuma kin dawo, ƙofar ba ta da sakata, sai dai tsoho a bayanta.

Naki har ranar da za a miƙe ni,
Mijinki, mai tuba da furfura.