Shekarar da Alƙali Ya Ba Ɗanladi

Zuwa ga Kulu, uwargidana,

Bayan gaisuwa, Allah ya haskaka makwancinki. Na san wagga takarda ba mai kai miki ita. Ko kina raye ma sai an karanta miki, ke da kike yi mini dariya lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, wai tsoho da fensir a kunne. Amma kwana takwas ke nan ina neman wanda zan amayar wa magana, ban samu ba sai ke.

Saratu matar ɗanmu Ɗanladi ta haihu, namiji, lafiyayye. Jiya aka yi suna. Da liman ya raɗa sunan na fashe da kuka a gaban mutanen Aliero, har ƙanena Garba ya ja ni cikin zaure. Murna kam na yi ta. Sai dai haushi ne ya zaunar da ni rubutu, kuma kina da kaso a ciki.

Kin rasu auren Ɗanladi yana da shekara biyu, gari duka na cewa matarsa juya ce. Ashe yadda aka kawo yarinyar nan daga Maiyama haka take zaune. Ɗanmu bai taɓa iya kusantarta ba. Kin san inda na ji? A gaban alƙali, cikin jama'a, bayan ta gaji ta gaya wa goggonta, ubanta ya kai ƙara. Alƙali ya ba Ɗanladi shekara guda. In ta cika ba canji, za a raba auren.

Muka dawo gida mota ɗaya, ban ce masa uffan ba. Yaya zan ce? Ɗan fari ne. Ko sunansa na yanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da shi a kan zancen shimfiɗa. Sai na koma aike ta hannun Garba. Aka ce ɗaure shi aka yi, na sa aka yi rubutu. Mai magani da lasifika a kasuwar Jega, na saya. Wani tsoho a Gehuru ya ba da saiwa, yaron ya kwana uku yana amai. Kowace safiya in tura Garba ya tambayo ko an dace. Ki duba wautar nan, Kulu. Mutum yana cikin tsoro, kullum baffansa na tsaye bakin ƙofa yana jiran labari.

Haka wata shida ya tafi. Yaron ya rame, ya daina zama majalisa, in ya tafi lambu sai duhu ya koro shi. Wani malamin asibiti a Jega ya ce mu je Birnin Kebbi, tun da aka ba mu jiha an kawo sababbin ma'aikata. Aka auna jini, aka auna fitsari, aka ce lafiyarsa lau. Daga nan aka tura shi wurin wani mutum mai ofis a ƙarshen baranda, wanda ba ya allura, ba ya rubuta ƙwaya. Aikinsa ya zaunar da kai ya yi ta tambaya yana saurare.

Raina ya ɓaci. Mu da ake kawo mana masu karaya daga ko'ina a ɗora su a Aliero su tashi su taka, mu ne za mu hau bayan motar albasa duk mako biyu don a yi hira? Bai tsaya nan ba. Ya ce a kawo Saratu su zauna su uku. Ya ce a zubar da duk jiƙe-jiƙe. Ya ce a canza musu ɗaki, domin nasu bango ɗaya ne da nawa, ko tari aka yi ana ji. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya hana su gwada komai har wata guda. Wai su ci tuwo kwano ɗaya, su yi hira, su saba da juna kurum. Kwanakin alƙali na ƙarewa, shi kuma yana cewa a dakata. Na kwashe albasar ɗakin baya dai, na fasa musu ƙofa ta waje, ina yi ina tsaki.

Daga baya ya ce yana son ganina. Na je da niyyar in gaya masa magana. Yaro ne, bai kai Garba ba, amma ya tarbe ni da ladabi. Ya ce Ɗanladi ya yarje masa ya gaya mini abu guda. Wai ranar farko gajiyar biki da fargaba suka hana shi, daga ranar kuma tsoron kada abin ya maimaita ne yake kashe masa jiki. Yana ganin duk duniya shi kaɗai ne namijin da haka ta sama, kuma shirun da nake yi ƙyamarsa ce. Ya tambaye ni ko akwai abin da zan iya gaya wa ɗana. Na ce babu, na fito.

Ƙarya na yi, ke ma kin sani. Shekara ɗaya da rabi muka yi a farkon aurenmu ina cikin wannan hali. Uwata ta zage ki, ta ce kin zo kin cika mata gida ba amfani, kika haɗiye. Sai da muka koma bukkar fadama muna ban ruwa, ba kowa kusa, abin ya warware da kansa. Shekara talatin muka yi bayan nan, ban ɗaga zancen ba, ban kuma ce miki na gode ba ko sau ɗaya.

Kwanan nan Saratu ta gaya wa matar Garba cewa kina jinya kin riƙe hannunta, kin ce ta ƙara haƙuri, kin san irin abin, yana wucewa. Ashe kin gane tun tuni. To don mi ba ki gaya mini ba? Kunyata kika ji, ko tsoron kada ki tuna mini? Ke kin rufa mini asiri, ni na rufa wa kaina, muka bar 'yar mutane tana shan zagin da kika sha. Wane irin kirki ne wannan?

Na gaya masa, Kulu. A lambu, muna dashen albasa, kowa ya duƙa, ba mai kallon wani. Na faɗa wa ƙasa, shi ya ji. Sai na ga yana dasa iri biyu-biyu a rami ɗaya. Ba na cewa maganata ce ta warkar da shi, mutumin can ya yi aikinsa, Saratu ta yi nata. Saura wata biyu shekara ta cika, ita da ƙafarta ta je Maiyama ta ce wa ubanta ya janye ƙara.

Sirrin namu ne mu biyu, na fitar ba da izninki ba. Ki yafe mini. Na kuma gode, ko da yake na makara.

Yanzu ga sabon haushi. Jaririn nan ɗan fari ne, har Ɗanladi ya fara sunkuyar da kai in an fito da shi, wai kunya. Yau da safe na karɓi yaron daga hannun ungozoma, na bi uban har bakin rijiya na ɗora masa shi a ƙirji, mata suna kallo suna rufe baki. Ya rasa yadda zai yi, ya riƙe. Na tsaya a wurin sai da ya dubi fuskar ɗansa ya kira sunansa.

Allah ya jiƙanki, ya sa mu iske ku da alheri.

Ni ne mijinki mai taurin baki,
Umaru, kakan Sadiku, daga Aliero