Madubin Smilja

Ƙanwata Desanka,

Yaya ƙafar taki, yaya mijinki Milutin da tarinsa? Ni lafiya lau a Budapest, ɗana na kula da ni. Mota ce babu, bas biyu nake hawa zuwa bakin kogi kallon agwagin da sanyi ya koro.

Tun rasuwar matata Smilja ban taɓa saitin madubin hangen nesanta ba. Daidai idonta ta bar shi. Dishi-dishi nake gani, na kuma saba. Jiya wani dattijo ya ara, ya murɗa, ya ce, "Haba ɗan'uwa, da wannan ko saniya ba ka ganewa." Na yi masa godiya.

Yanzu har ƙwayar idon agwagwa ina gani. Na wuni ina murɗawa, ban gano inda saitin nata yake a da ba.

Ki kunna wa Smilja kyandir a coci ranar Lahadi.

Yayanki,
Radomir