Kebul Ɗaya Tsakanin Shago da Ɗakin Inna

Wurno, Litinin

Yaya Jelani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin madatsar ruwa? Ina Khadijatu da ɗiya? Mun gode da zuwanku gaisuwa, Allah Shi bar zumunci.

Na ba Kyauta direba wagga takarda don maganar ba ta waya ba ce, bakina ba ya iya ɗaukarta. Yau kwanana ashirin da uku cikin takabar Lawwali, kuma asirina ya tonu ina zaune cikin ɗaki.

Ka san kebul ɗin da marigayi ya binne daga shagonsa na ƙofar gida zuwa sashenmu. Guda ɗaya ne, da ɗan akwati a kowane baki, suwic yake ce musu. Su ke raba hanya, kwamfutocin shago da tasu, mu da tamu. A tamu ya sa kyamara ɗakin Inna, mahaifiyarsa, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Yawu kan sarƙe ta, ba ta iya kira. Da kyamarar nake ganinta a wayata ina madafa.

Makon jiya intanet ɗin shago ya tsaya. Attahiru, ƙanen marigayi da ke riƙe da shagon, ya soka allura a ɗan ramin akwatin waje, ya aiko matarsa Fatsuma ta soka na ciki. Intanet ya dawo, anka yi ta yi masa sannu da ƙoƙari. Jiya Fatsuma ta ja ni bayan rumbu ta ce: "Bara'atu, samarin da ka zuwa cike takardun jarrabawa suna ganin ɗakin Inna ga kwamhuta. Sun gan ki kina mata wanka, kanki ba kallabi."

Nan take na zare kebul ɗin. Sai wayata ma ta makance, ashe na'urar da ke tara hoton tana shago. Kafin la'asar na iske Inna ta sarƙe, idanu sun firfito. Na mayar da kebul ɗin ina kuka. Yanzu zane nake yafa wa kyamarar in zan gyara ta, amma sauran yini tsohuwa tana kwance a bainar jama'a. Attahiru kuwa kunya ta hana shi ko aiko gaisuwa.

Ka zo, don Allah. Kai kaɗai ke iya shigowa inda nake.

Ƙanwarka,
Bara'atu

*

Goronyo, Laraba

Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya ƙara haƙuri, takardarki ta iso, kuma ta hana ni cin abinci.

Ba zan samu izini ba. Muna sakin ruwa ga manoman rani, kwana goma ba mai motsawa daga bakin ƙofofin dam. Akwai abokin aikina Mode, mutumin kirki ne, gobe zai iya zuwa.

In kin ƙi, ga bayani. Kebul ɗin nan tamkar motar Kyauta ce: buhunan albasar mutum biyu a mota ɗaya, kowane da alamar mai shi, mai saukewa yana duba alama. Akwatunan su ke sa alamar, su ke dubawa. Allurar Attahiru ta goge musu karatu, shi ya sa kaya suka gauraye. Amma wannan gaurayar ce za ta ba ki damar shiga akwatin waje daga ɗakinki da kwamfutar marigayi. Ki ba shago lamba goma, gida lamba ashirin, ramin da wayar na'urar tara hoto ta shiga shi ma ashirin. Rami na takwas, inda dogon kebul ya shiga, ki ce ya ɗauki duka biyun da alamarsu. Na jera matakan a shafi na biyu.

Allah Ya rufa asiri.

Yayanki,
Jelani

*

Wurno, Juma'a

Yaya,

Sallama. Ban da lokacin doguwar gaisuwa, ka yafe ni.

Mode ba shi shigowa. Na sani littafi bai hana ba in da lalura, amma littafi ba shi zama a majalisar ƙofar gidanmu. Ana cewa an gan ni ba kallabi, sai kuma a ce baƙon namiji ya shiga sashen mai takaba? Mi zan ce wa ɗiyana in sunka girma?

Na yi da kaina, na kuma ɓata. Na yi bisimilla na bi shafinka layi layi, yadda anka koya muna karatun allo, ba a tsallake baƙi. A shafin ka fara da akwatin ciki, na gyara shi. Sai a can gindin takarda na ga ka rubuta: lura, a fara da na waje. Haba Yaya! Wa ke haƙa rijiya ya sa gargaɗi a ƙasanta? Yanzu na waje ba ya amsa ni, hoton Inna ya ɓace daga wayata.

Kwana biyu ke nan ban bar gefen gadonta ba. Fatsuma ke miƙo mana tuwo. In na fita kewaye da gudu nake dawowa. Na gaji, Yaya, wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji kar tsohuwar nan ta cika a hannuna saboda kuskurena.

Bara'atu

*

Goronyo, Asabar

Ƙanwata,

Salam. Laifina ne, ba naki ba. Na saba rubuta wa ma'aikata, su kuwa daga ƙarshe suke fara karatu.

Ba abin da ya lalace. Ki soka allura a na ciki ya manta abin da kika gaya masa. Sannan ki gyara na waje, ki dawo na ciki, ki sa wa kyamarar kalmar sirri. Marigayi bai sa ba don ya amince da rabon da ya yi.

Ki ci abinci. Ina tare da ke.

Jelani

*

Wurno, Litinin

Yaya,

Sallama. Ya yi. Hanya ta rabu, ina ganin Inna, shago ba ya ganinmu. Attahiru ya duba kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya aiko da tabbaci.

Ya kuma aiko da wata magana. Tun ranar farko ɗaya daga samarin ya ɗauki hoton wankan a wayarsa, kuma an ce ya kai kasuwarku ta Goronyo.

In wani ya miƙo maka waya yana dariya, kada ka duba, Yaya. Ni ce.

Allah Shi sada mu da alheri.

Bara'atu